Ni a Unguwarku, Ke a Kalaba

Tudun Wada, Zariya.
Asabar, bayan la'asar.

Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya ke Bahijja, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, ƙanshin ƙasa ranar da aka yi ruwan farko, inuwar rimin da na fake a cikinta bayan na fid da ran samun inuwa. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin bakina, shi ya sa na ɗora wa alƙalami ita. Ina fatan murar nan da daminar Kalaba ke sa miki ta sake ki. Ina fatan kina cin abinci a kan kari, ko da yake na san halinki, in kin shiga ɗakin gwajin nan naki sai kwalaben ruwa su mantar da ke cikinki.

Kin ce kada in ƙara kiran ki a waya, kuma ban ƙara ba. Yau kwana arba'in da ɗaya. Sai dai ba ki ce kada in rubuta ba, ni kuwa na laɓe a bayan wannan ɗan abin da kika manta ba ki hana ba. Gobe zan kai tashar Kwangila kwalin da Inna, mahaifiyarki, ta haɗa miki, a cikinsa za ki sami takardar nan, tsakanin ƙullin kuka da na daddawa. Na faɗa wa Inna zan sa, ta ci gaba da ɗaure bakin leda. Idan takardar ta iso tana warin daddawa ki yi haƙuri, hanyar da ta rage mini ke nan.

Bari in fara da abin da ya fi nauyi, don kada ki karanta kina sa rai. Amsar roƙonmu na uku ta zo daga hedkwata ranar Laraba. Layi biyu ce. Ba za a duba batun sauya wa kowa wurin aiki ba sai ya cika shekara biyar a shiyyar da aka tura shi. Mun yi shekara ɗaya da wata huɗu. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune, na sa ta a fayil kamar kowace takarda, na fita na yi alwala alhali lokacin salla bai yi ba.

Hasken zuciyata, kin tuna motar ma'aikata ta Kubwa? Farar bas ɗin nan da ƙofarta ba ta rufuwa sai an ɗaure da igiya. Shekara biyu muna shiga tare, ke a kujera ta uku gefen taga, ni a bayanki, ban san komai game da ke ba sai launin mayafanki da yadda leɓunanki ke motsi in kina azkar ɗin safe. Na kai arba'in da biyu a lokacin, na binne mace ɗaya, na ɗauka wannan ƙofar ta rufu a gare ni har abada. Sai ranar nan ta watan Agusta da ruwa ya tsare mu wajen gadar Gwarimpa, motoci suka tsaya cak. Wani ya fara zagin Abuja da tsadar hayarta, kowa ya shiga yabon garinsu. Kika juyo kika ce, "Malam Zulkiflu, kai ɗan ina ne?" Na ce Funtuwa. Kika ce, "Ashe maƙwabci ne. Ka san Tudun Wadan Zariya?" Na ce ai nan kusa, a jami'a reshen Kongo, na yi karatu. Kika yi dariya kika ce ɗalibi ba ya sanin gari, hanyar aji ya sani da ta mai shayi. Kika karɓi fom ɗin neman hutu da ke hannuna, kika juya bayansa, kika zana mini unguwarku: babban titi, hanyar Gyallesu, lungun mai waina, da wani gida mai darbejiya biyu a ƙofa wanda kika ce nan aka haife ki. Awa uku muka yi a wannan cunkoson. Kowa ya sauka yana tsaki, ni na sauka ina roƙon Allah ya ƙaro ruwa. Ban miƙa fom ɗin ba, na fasa hutun wannan shekarar gaba ɗaya.

Wa zai gaya mini a ranar cewa zan zo in zauna a cikin zanen nan, ni kaɗai, mai zanen tana can inda ko sunan unguwarta ban iya faɗa daidai ba?

Kin san labarin, amma ban taɓa faɗa miki shi daga farko zuwa ƙarshe da bakina ba, kullum ina tsallake wurin da laifina yake. Yau ba zan tsallake ba. Lokacin da aka ce za a fitar da sassan hukumarmu daga Abuja a rarraba su shiyya-shiyya, ina cikin waɗanda suka fi kowa murna. Shekaru na yi ina rubuta wa manya cewa bai kamata manomin da ke jan ruwa a fadamar Galma ya je har Abuja neman sa hannu ba. Da aka kafa kwamiti aka naɗa ni sakatare, na ji kamar an ba ni sarauta. A zama na huɗu shugaban kwamitin ya ce a tausaya wa ma'aurata, miji da mata da ke aiki a hukumar a tura su wuri ɗaya. Wani darakta ya ce in aka bar shi haka, gobe kowa zai kawo takardar auren ƙarya. Aka ce sakatare ya gyara lafazin. Ni na gyara. Da hannuna na rubuta sakin layi na bakwai: ma'auratan da aka ɗaura aurensu kafin fitowar wannan takarda. Har yaba mini aka yi.

An sa ranar aurenmu cikin Sha'aban. Ni na zo na same ki na ce a ɗaga zuwa bayan Babbar Salla, don in gama rahoton kwamiti hankalina kwance. Kika ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata, takardar ba za ta fito ba sai ƙarshen shekara, ai ni ne sakatare. Ta fito cikin Shawwal. Mu biyu mun cike fom, mu biyu mun zaɓi Zariya. Ranar da aka liƙa sunaye a allon sanarwa na ga nawa a ƙarƙashin sashen izinin ban ruwa, Zariya. Na bi da yatsa ina neman naki, na wuce shafi, na wuce wani, sai can na same shi: ɗakin gwajin ruwa da dukkan ma'aikatansa, Kalaba. Kina tsaye a gefena. Ba ki ce mini komai ba, kin gyara mayafinki kika koma bakin aiki. Da ma kin zage ni a ranar, abar ƙaunata, da na sami abin da zan riƙe. Shirun nan naki har yau shi nake ji in na rufe ido.

Na kama hayar gidan da muka yi magana a kansa, layi uku daga naku. Ciki biyu da falo, da rijiya a tsakar gida. Ɗaki ɗaya nake amfani da shi, ɗayan na share na rufe. Kullum da safe in zan tafi ofis nakan bi ta ƙofar gidanku ko da ba hanyata ba ce. An sare darbejiya ɗaya saboda wayar lantarki, saura ɗaya. Mai wainar nan ta rasu, 'yarta ce ke suya yanzu, ta san ni har tana ce mini angon Bahijja, ban sami ƙarfin gyara mata ba. Idon Baba, mahaifinki, ya ƙara ja baya, na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu inuwa kawai yake gani. Ni nake kai shi asibitin Shika ranar Talata. In mun dawo yakan ce in karanta masa daga littattafansa, yana gyara mini wasula, yana cewa karatun 'yan boko sai a hankali. Duk wanda ya zo gaishe da Baba, Malam Nagoda, ya tarar da ni a zaure sai ya ɗauka ɗansa ne. Na sami uba a unguwarku, na sami uwa, na sami maƙwabta masu aiko mini da tuwo in sun ga ban kunna wuta ba. Na sami komai da kika zana mini, ke kaɗai ce babu.

Ina son in tsine wa wannan sauyin, in ce zalunci ne, in ce waɗanda suka kawo shi ba su da imani. Na gwada, bakina ya ƙi. Akwai wani dattijo, Ɗantsoho, shugaban masu noman rani ne a wani ƙauye gefen Galma. Watan jiya ya shigo ofis ɗina da takardunsa a cikin ledar burodi. Na duba, na buga hatimi, na sa hannu, na miƙa masa. Ya zauna yana kallona. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe zan dawo?" Na ce ai an gama, Baba. Ya ce, "A'a, ina nufin na Abuja." Na ce babu sauran na Abuja. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce sau huɗu ya je Abuja a kan irin wannan takarda, sau biyu ya kwana a masallaci, sau ɗaya kafin ya dawo tumatirinsu ya ƙone. Ya ɗaga hannu ya yi wa wanda ya kawo ofis ɗin nan Zariya addu'a, ya ce Allah ya ba shi abin da ransa ke so. Na ce amin, Bahijja. Me zan ce? Bayan kwana biyu ya aiko mini da rake ɗauri guda, na kai wa Inna. Abin da na yi shekaru ina fata ya tabbata, yana da kyau kamar yadda na ce zai yi, kuma shi ne ya raba ni da ke. Ina mutum zai kai irin wannan ƙara?

Na san ke ma haka abin yake a wajenki. Da na zo Kalaba bara, bayan kwana ɗaya da wuni a mota, kin kai ni ɗakin gwajinki kafin ki kai ni ko'ina. Kika nuna mini kwalabe jere, kowace da sunan ƙauyen da aka ɗebo ruwan, kika ce da can sai ruwan ya yi mako a hanya kafin ya isa Abuja, ya isa ya riga ya canza, yanzu ran da aka ɗebo ran nan ake gwadawa. Kika ce an rufe rijiyoyi uku da ke sa yara gudawa saboda sakamakon da kika sa wa hannu. Fuskarki tana haske kamar rafin Kubanni in rana ta faɗa a kanta da hantsi. Ban taɓa ganin ki da kyau irin na ranar ba, kuma a ranar na fara gane cewa ba za ki dawo ba.

Da yamma muka zauna a barandar masaukinku, ruwa yana zuba irin wanda ba mu san shi a nan ba, mai sauka ba tsawa ba iska, kamar ba shi da niyyar tsayawa. Na ce a ɗaura kawai, mu zauna a haka, ai mutane da yawa suna yi. Kika ce, "Na yi, Zulkiflu. Shekara shida na yi ina auren waya, shi yana Fatakwal ina Abuja. Na san yadda yake farawa, na san yadda yake ƙarewa. Kullum kira, sai duk mako, sai in an tuna. Takardar sakina ma ta waya aka turo mini. Na yi wa kaina alkawari ba zan sake ba, ko da kai ne." Na ce ni ba shi ba ne. Kika ce kin sani, shi ya sa ba kya son ki ga ranar da za ki fara jin haushina. Na ce to zan ajiye aiki in biyo ki. Kika ce in yi me a Kalaba, in zauna a gida ina jiran ki taso, ni da na ba aikin nan shekara goma sha tara? Kika ce, "Kuma wa zai riƙa kai Baba Shika?" Ban ce ke ki ajiye naki ba. Na san abin da Baba ya sha daga bakin dangi kafin ya bar 'yarsa ta fari ta karanta kimiyya, na san abin da ke kika sha kafin a ba ki shugabancin ɗakin nan. Da na roƙe ki wannan, da na zama wani mutum daban da wanda kika so.

Muka ce a gwada roƙo. Muka rubuta na farko tare, na biyu kowa ya rubuta nasa, na uku ni kaɗai na rubuta, don a lokacin kin riga kin ce a daina kira.

Ya ke farin watana, kina tsammanin kwana arba'in da ɗayan nan sun rage wani abu? Ina ji kamar gero ne da aka shuka aka ɗauke ruwa: bai mutu ba, bai kuma tashi ba, yana nan dai yana kallon sama. In hadari ya haɗo ta wajen dutsen Kufena nakan ce ko daga wajenku ya taso. In na ji an kira wata Bahijja a layi sai in waiwaya kafin hankalina ya gaya mini yarinya ce 'yar shekara shida. Nakan ɗauki wayar in buɗe sunanki in duba, in mayar aljihu. Shekara uku da wata takwas suka rage. Ni zan iya jira, jira ba ya yi mini wuya, na saba. Amma ke kina da talatin da bakwai, kin kuma faɗa mini tun a Abuja cewa kina son ki ga ɗanki kafin lokaci ya ƙure. Da wane ido zan dube ki in ce ki ba ni waɗannan shekarun, bayan ni na zubar da watannin da suka ishe mu?

Shekaranjiya bayan na gama yi wa Baba karatu ya ce in rufe littafin in matso. Ya laluba ya kama hannuna. Ya ce, "Zulkiflu, ban da ɗa namiji a kusa, Allah ya kawo mini kai. Amma zan tambaye ka, kada ka amsa yau. Maganarka tana kan yarinyar nan har yanzu. Akwai wanda ya aiko, mutumin kirki ne, ɗan Arewa ne da ke aiki can inda take. Na ce masa akwai magana a kanta, ba na karɓar biyu. Kana nan, ko ka janye?" Sai ya ƙara da abin da ya fi wannan yi mini zafi. Ya ce, "Ka lura ba ta zo Ƙaramar Salla ba? Ta ce aiki ne. Ba aiki ba ne. Ba ta son ta fito ƙofar gida ta gan ka. Ni kuma ɗan ganin da ya rage mini ba shi da yawa, ina son in ga ko inuwarta ce."

Ban san ko ke kin san da maganar mutumin ba, ban kuma tambaya ba, ba hurumina ba ne. Amma ban taɓa tunanin zamana a Tudun Wada shi ke hana ki gida ba. Na zo nan don in kusance ki, ashe tsare miki ƙofa na yi.

Baba ya ce in ba shi amsa ranar Juma'a in an sauko. Ina son ki ji ta daga gare ni kafin ki ji daga gare shi, in direba ya yi sauri. Zan ce masa na janye. Ba don son ya ragu ba, Allah shaida ne, yana nan kamar dutse a ƙarƙashin ruwa, ko an gan shi ko ba a gan shi ba. Zan janye ne don kada maganata ta zama igiya a ƙafarki. In mutumin nan ya kwanta miki, ki aure shi da zuciya ɗaya, kada ki waiwayo don tausayina. Ba zan yi miki ƙarya in ce zan yi murna ba. Zan dai yi miki addu'a, kuma zan yi ta da gaske.

Saura roƙo ɗaya, abar begena, shi ne dalilin takardar nan. Ki zo Babbar Salla. Ki zo ki zauna kusa da Baba ta gefen hagunsa, inda yake ɗan gani. Ki sanar da Inna ranar da za ki taso, ni kuma kafin motarki ta iso Kwangila na kama hanyar Funtuwa, ba zan dawo ba sai an ce mini kin koma. Haka zan riƙa yi duk zuwan da za ki yi, ko sau nawa ne, ko ke kaɗai ko da wani. Ki fito ƙofar gidanku ba tare da duba hagu da dama ba. Unguwarku ce kafin ta zama tawa.

In kuwa wata rana, ko bana ko bayan shekaru, kika ga ba sai na tafi ba, ba sai kin kira ni ba, ba sai kin rubuta ba. Ki ce wa Inna, ya zauna. Zan zauna. Ban sa rai ba, amma duk ranar da zan ɗauki jakata sai na tsaya a zaure na gaishe da Inna, na ɗan jinkirta, ko akwai saƙo.

Allah ya tsare mini ke a inda kike, ya sa ruwan garin nan ya zame miki albarka, ya ba ki abin da ni na kasa ba ki. Ban da wata bayanki, ba na kuma neman wata.

Naki a yau, naki ranar Juma'a bayan na faɗi abin da zan faɗa, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Zulkiflu.